Me ya sa maɓallin adanawa ke ɓacewa a manhajar ofis da ta shago?

Ƙarshen wata ya zo, ma'aikacin sashen kuɗi ya zauna gaban kwamfuta domin shigar da bayanan albashi. Ya rubuta suna, ya sa lambar ma'aikaci, ya cike matakin albashi da alawus-alawus, amma da ya zo adanawa sai ya nemi maɓallin ya rasa. Maɓallin yana nan, sai dai ya sauka ƙasa da iyakar allon, inda ido ba ya gani, linzamin kwamfuta kuma ba ya kaiwa.

A wani shagon kuwa akasin haka ake gani. Mai shago ya kashe kuɗi ya sayi babban allo domin ya riƙa ganin jerin kayansa a sarari, amma da ya buɗe manhajar lissafin kaya sai komai ya dunƙule a kusurwar sama ta hagu. Sauran allon ya zama fili fetal, sunayen kayan kuma suna nan a guntule kamar yadda suke a tsohon allon.

Galibi a kan kwamfutar ake ɗora laifi. Wani ya ce ƙwayar cuta ce ta shige ta, a kai wa mai gyara ya goge komai ya sake zuba Windows, wani kuma ya yanke shawarar sayen wata. Alhali a mafi yawan lokuta kwamfutar lafiyarta ƙalau. Tushen matsalar wata ƙaramar shawara ce da wanda ya rubuta manhajar ya kamata ya yanke tun farko, wato da wane gefe na taga zai ɗaure kowane maɓalli. Wanda ya fahimci wannan zai huta da asarar kuɗin gyaran da ba shi da amfani, zai kuma san abin da zai duba kafin ya biya kuɗin sabuwar manhaja.

Yadda kwamfuta ke auna wuri

Allon kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne da aka jera layi-layi, waɗanda ake kira fiksel. Idan aka ce girman allo 1366 ne sau 768, ana nufin akwai ɗigo 1,366 daga hagu zuwa dama, da 768 daga sama zuwa ƙasa. Kowace manhaja tana buɗewa ne a cikin wani fili mai kusurwa huɗu da ake kira taga, wadda mai amfani zai iya faɗaɗawa ko ragewa ta hanyar jan gefenta. Abubuwan da ke cikin tagar, kamar maɓallai da guraben rubutu da jerin zaɓi da teburin bayanai, za mu kira su kayan taga.

Kwamfuta tana sanin mazaunin kowane ɗaya daga cikin kayan nan da lambobi huɗu: nisansa daga gefen hagu na taga, nisansa daga sama, faɗinsa, da tsayinsa. Awon yana farawa ne daga kusurwar sama ta hagu, lambobin suna ƙaruwa yayin da ake tafiya dama ko ake gangarowa ƙasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa idan manhaja ta rikice, a wannan kusurwar kayanta ke taruwa.

Mu ɗauki misali. Mai rubuta manhaja ya tsara taga mai faɗin ɗigo 800, ya ajiye maɓallin adanawa mai faɗin 80 a nisan 700 daga hagu. Tsakanin maɓallin da gefen dama saura 20 ke nan, kuma ya zauna daram a inda ake so. Idan mai amfani ya faɗaɗa tagar zuwa 1,200, maɓallin zai tsaya a 700 ɗinsa, ya bar filin ɗigo 420 a damansa. Idan kuwa aka rage ta zuwa 600, maɓallin ya fita daga taga gaba ɗaya, domin 700 ta wuce iyaka. Kwamfutar ba ta yi kuskure ba, abin da aka umarce ta ta yi.

Zamanin da allo ke da girma ɗaya

Akwai lokacin da wannan tsari ya wadatar. Kwamfutar Macintosh da kamfanin Apple ya fitar a 1984 allo iri ɗaya ne da ita, ɗigo 512 sau 342, don haka mai rubuta manhaja ya san filin da yake aiki a kai. A 1987 kamfanin IBM ya kawo ma'aunin VGA mai 640 sau 480, wanda ya daɗe yana zama abin dogaro, kafin 800 sau 600 da 1024 sau 768 su yaɗu.

A 1991 kamfanin Microsoft ya fitar da Visual Basic, wadda ta sauƙaƙa rubuta manhaja ƙwarai. Mutum zai jawo maɓalli da linzami ya ajiye inda yake so, ita kuma ta riƙe lambobin. Ɗimbin manhajojin lissafin kaya da na albashi da na rajistar marasa lafiya a duniya da ita aka rubuta su, musamman fitowa ta shida ta 1998. Sai dai ko a wannan fitowar babu hanya mai sauƙi ta sa maɓalli ko gurbin rubutu ya bi gefen taga. Dole mai rubutun ya zauna ya yi lissafin da kansa, ya rubuta wa kowane kaya umarnin inda zai koma duk lokacin da girman taga ya sauya. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa da yawa suka tsallake shi, wasu kuma suka kulle tagar yadda ba za a iya jan gefenta ba sam.

Microsoft ya daina tallafa wa kayan aikin Visual Basic 6 a 2008, amma manhajojin da aka rubuta da ita suna aiki har a Windows 10 da 11. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga sabuwar kwamfuta ɗauke da manhajar da aka tsara wa allon shekaru ashirin da suka wuce.

Turke: ɗaure kaya da gefen taga

Ɗaya daga cikin hanyoyin da masana suka samar, a Turanci sunanta ya samo asali ne daga anka, ƙarfen nan da ake jefawa cikin ruwa domin tsayar da jirgi. A wurin Bahaushe hoton da ya fi kusa shi ne turke. Taga tana da gefe huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama, kuma kowane gefe turke ne da za a iya ɗaure kaya da shi. Ƙa'idar guda ce: nisan da ke tsakanin kaya da gefen da aka ɗaure shi ba ya sauyawa, komai girman da taga ta koma.

Mu koma ga maɓallinmu. Idan aka ɗaure shi da gefen dama, abin da kwamfuta za ta kiyaye shi ne tazarar 20 ɗin nan. Taga ta kai 1,200, maɓalli ya matsa zuwa 1,100. Ta ragu zuwa 600, ya dawo 500. Ko yaushe yana cikin taga. Shi ya sa maɓallan adanawa da sokewa, waɗanda aka saba ajiyewa a kusurwar ƙasa ta dama, ake ɗaure su da ƙasa da dama.

Abin ya fi ban sha'awa idan aka ɗaure kaya da gefe biyu masu fuskantar juna. Gurbin rubuta adireshi da ke da tazarar 20 daga hagu da 20 daga dama a taga mai 800, faɗinsa 760 ne. Idan tagar ta kai 1,200, dole ya kiyaye tazarar biyu a lokaci guda, kuma hanya ɗaya ce ta yin haka, wato ya miƙe zuwa 1,160. Teburin bayanai kuwa, irin wanda ke nuna jerin kayan shago, da dukkan gefe huɗu ake ɗaure shi, yadda zai ƙaru a faɗi da tsayi tare da tagar. Da an yi haka a manhajar mai shagon da muka ambata, da babban allonsa ya nuna masa layuka masu yawa.

Akwai kuma kayan da ba a ɗaure da hagu ko dama ba. A tsarin Windows Forms na Microsoft, irin wannan yana matsawa ne da rabin abin da taga ta ƙaru. Idan ta ƙaru da 400, ya matsa da 200, don haka abin da aka ajiye a tsakiya zai ci gaba da zama a tsakiya.

Wani abin lura shi ne, a wannan tsarin duk kayan da aka ajiye a taga yana zuwa ne a ɗaure da sama da hagu, sai idan mai rubutun ya sauya. Ma'ana, wanda ya yi amfani da kayan aiki na zamani amma bai waiwayi wannan zaɓi ba, zai fitar da manhaja mai halin ta 1998.

Jingina: mallakar gefe gaba ɗaya

Hanya ta biyu ita ce jingina kaya da gefe. A nan babu maganar tazara. Kayan yana mannewa ne da gefen, ya mamaye shi daga farko zuwa ƙarshe. Zaɓin biyar ne: sama, ƙasa, hagu, dama, ko cike abin da ya rage. Duk wanda ya taɓa buɗe tagar duba fayiloli a Windows ya ga irin wannan fasali. Layin umarni yana sama, layin bayani yana ƙasa, jerin manyan jakunkuna yana hagu, fayilolin kuma sun cike tsakiya.

A jingina, wanda aka fara sanyawa shi ke ɗaukar cikakken rabo. Idan layin sama aka fara jinginawa, zai ratsa faɗin taga duka, jerin hagu ya fara daga ƙarƙashinsa. Idan kuwa jerin hagu ya riga, shi zai tashi daga sama har ƙasa, layin sama ya fara daga gefensa. Kuskure a wannan jeri kan sa wani kaya ya ɓuya a bayan wani. A Windows Forms kaya ɗaya ba ya ɗaukar turke da jingina a lokaci guda, wanda aka zaɓa daga baya shi ke soke na farko.

Waɗannan dabaru ba na kamfani ɗaya ba ne. Delphi, wadda kamfanin Borland ya fitar a 1995, ta zo da jingina tun farko, sannan ta ƙara turke a fitowarta ta huɗu a 1998. Babban injiniyanta, Anders Hejlsberg ɗan ƙasar Denmak, ya koma Microsoft a 1996, inda ya jagoranci samar da harshen C#, kuma a 2002 Windows Forms ta fito da hanyoyin biyu. Manhajar Access, wadda ƙananan ofisoshi da yawa ke ajiye bayanai da ita, ta samu turke a fitowar 2007. Harshen Java na kamfanin Sun kuwa tun a tsakiyar shekarun 1990 ya raba taga gida biyar, ya kira su arewa, kudu, gabas, yamma da tsakiya. Duk wannan na nuna cewa maganin ya daɗe a hannu, kuma mai rubuta manhaja a yau ba shi da uzurin rashin kayan aiki.

Inda turke ke gazawa

Turke ya san gefen taga ne kawai, bai san maƙwabci ba. Idan aka ajiye gurbin suna da gurbin lambar waya kusa da juna, aka ɗaure kowanne da hagu da dama, kowanne zai miƙe da dukkan abin da taga ta ƙaru, ɗaya ya hau kan ɗaya. Domin magance haka ne Microsoft ya ƙara wani tsari a 2005 wanda ke raba taga layuka da ginshiƙai kamar jadawali, a ba kowane ginshiƙi kasonsa, misali kashi 60 da kashi 40 cikin ɗari. Apple ya bi wata hanyar a 2011, inda mai rubutu ke shimfiɗa sharuɗɗa tsakanin kaya da kaya, kamar a ce wannan ya bar tazarar 8 daga wancan, kwamfuta kuma ta warware lissafin da kanta.

Haka nan turke ba ya ƙirƙirar fili. Idan taga ta ragu fiye da kima, maɓallin da aka ɗaure da ƙasa zai hauro ya rufe guraben da ke samansa. Don haka manhaja mai inganci tana da mafi ƙanƙantar girman da ba za ta bari a wuce ba, kuma idan allon bai kai ba sai ta fito da sandar gungurawa a gefe, yadda mai amfani zai iya gangarawa ya kai ga abin da ke ƙasa.

Matsalar da ta fi addabar ofisoshi a yanzu ita ce ta ƙara girman rubutu. Tsofaffin manhajojin Windows an gina su ne a kan zaton cewa inci ɗaya na allo ɗigo 96 ne. Allunan zamani ɗigonsu ƙanana ne matuƙa, don haka Windows kan ƙara girman komai zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari domin rubutu ya karantu. Wannan yana cinye fili. Allo mai 1920 sau 1080 da aka sa a kashi 150, a wurin manhaja tamkar 1280 sau 720 ne. Wato sabuwar kwamfutar cinya mai tsada tana iya kasa tsohuwa mai 768 filin tsayi. Ita ma mai 768 ɗin, wadda ta yi yawa a cikin kwamfutocin hannu da ake shigowa da su, idan aka sa ta a kashi 125 tsayinta ya koma kusan 614, sannan layin ƙasa na Windows ya ɗebi nasa. Taga mai tsayin 750 da aka tsara a babban allon mai rubuta manhaja ba za ta shiga ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma abin da ke ƙasa, wato maɓallin adanawa, shi ke fara ɓacewa.

Harshe ma yana da nasa tasirin. Kalmar Turanci "Date" haruffa huɗu ce, amma "Kwanan wata" haruffa goma ne. Lakabin da aka yanka wa fili daidai da Turanci zai guntule idan aka fassara manhajar zuwa Hausa, sai idan an tsara shi ya miƙe gwargwadon rubutun da ke cikinsa. Larabci da Ajami kuwa daga dama suke farawa, don haka taga gaba ɗaya take juyawa, abin da ke hagu ya koma dama. Wannan ya shafi masu son manhajar makarantun Islamiyya da za ta yi aiki da boko da Larabci.

Abin yi idan maɓalli ya ɓace

Kafin a kira mai gyara, akwai matakan da ba sa cin ko kwabo. A Windows 10 ko 11, a shiga Settings, a zaɓi System, sannan Display. A duba wurin ƙara girma, idan yana kan 125 ko 150 a mayar da shi 100, a rufe manhajar a sake buɗewa. Rubutu zai ƙanƙance, amma sau da yawa maɓallin zai bayyana. A wannan shafin dai, a tabbatar cewa yawan ɗigon allo yana kan wanda Windows ta ba da shawara. Za a kuma iya saita layin ƙasa ya riƙa ɓuya da kansa, abin da ke ƙara ɗan fili.

Madannin Tab yana tsallakawa daga kaya zuwa kaya ko da ba a ganinsu, kuma a manhajoji da yawa danna Enter ko haɗa Ctrl da S yana adanawa. Sai dai a yi hattara, domin danna maɓallin da ba a gani kasada ce. Mai yiwuwa wanda aka tsaya a kai na sokewa ne ko na gogewa. Gara a gwada da bayanin gwaji tukuna, ba da albashin mutane ba. Duk waɗannan dabarun rage zafi ne, gyara na haƙiƙa yana hannun wanda ya rubuta manhajar.

Kafin a biya kuɗi

'Yan kasuwa sun san illar cinikin biri a sama, kuma sayen manhaja bayan kallonta a kwamfutar mai sayarwa kaɗai yana kama da haka. A nemi a zuba ta a kwamfuta mafi ƙanƙantar allo da ke shagon ko ofishin. A ja kusurwar taga a rage ta iyakar ragewa, a ga ko maɓallan suna nan ko sandar gungurawa ta fito. A buɗe ta ta cike allo, a ga ko teburin bayanai ya ƙaru. A sauya girman rubutu zuwa 125 da 150 a sake dubawa, kuma a yi haka a kowace taga, ba ta farko kaɗai ba.

Sannan a shigar da suna mafi tsawo da adadin kuɗi mafi girma da ake mu'amala da shi. Gurbin da aka auna a lokacin da dubu ɗari ke da daraja ba lallai ya ɗauki miliyoyin yau ba, kuma adadin da lambarsa ɗaya ta ɓuya yana iya jawo rigima tsakanin mai gida da yaron shago, ko tsakanin akawu da mai binciken kuɗi.

Ga jami'an da ke rubuta sharuɗɗan kwangila, yana da kyau a ambaci mafi ƙanƙantar allon da manhajar za ta yi aiki a kai, da matakan girman rubutu da dole ta jure. Haka kuma a fayyace wanda zai riƙe ainihin rubutun manhajar bayan an kammala biya. Idan rubutun yana hannu, sauya turken maɓalli a taga mai sauƙi aikin 'yan mintuna ne ga wanda ya iya. Idan kuwa ɗan kwangila ya tafi da shi, ko kamfanin ya rufe, ofis zai ci gaba da lallaɓa tsohon allo guda saboda shi kaɗai ke nuna maɓallin, ko kuma a sake fitar da kuɗi a rubuta wata manhajar daga farko.